Rijiya Mai Faɗin Turmi

Bazara ce, irin tamu ta Sakkwato, wadda ruwan randa kansa kan yi ɗumi tun kafin azahar, ƙarfen ƙofa ya ƙone wa mutum tafin hannu. Kullum da la'asar hadari ya haɗu gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, ya watse ba ko ɗigo. Mutane duk sun ƙosa, ƙurajen zafi sun cika wuyan yara. Amma mu a gidanmu na Ƙofar Rini shekarar da sanyi ta shigo mana, har nakan ji tsoron yadda komai ke tafiya daidai. Babanku ya bar mahauta, yana zama ƙofar gida da farar riga, mutanen da a da suke amsa masa sallama da rabin baki suna tsayawa su gaida baban Injiniya. Kai Atiku kana makarantar kuɗi, ke Luba ana shirin kai ki. Ginin sabon gidanmu a unguwar Dundaye ya kai tagogi. Buhun shinkafa ya shigo, a ɗiba a kai gidan Baffa Ummaru, wan babanku. Duk wannan daga hannun mutum guda yake fitowa, yayanku.

Ba don ina son tone-tone na ɗauki biro ba. Hannuna bai saba ba, karatun yaƙi da jahilci ne da na yi da girmana, ina goye da ke Luba. Abin da ya sa ni shi ne maganar da na ji ranar sunan ɗiyarki. Ina bayan labule ina ƙulla goro, kina gaya wa ƙawarki cewa da Inna ta buɗe baki sau ɗaya rak, da yau wani labarin ake. Ban fito ba, ban kuma riƙe ki a zuci ba, don abin da aka gaya miki ke nan tun kina ƙarama. Amma duk wanda ya ba ku labarin ranar nan da ake cewa na ƙi buɗe baki, ya ba ku ne daga inda yake zaune. Ni ma ga nawa, daga inda nake durƙushe.

Ku fara sanin cewa yayanku ɗan fari ne, kuma ni irin tarbiyyar da ce. Ban taɓa kama sunansa ba, a nan ma ba zan rubuta shi ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. In ya shigo gaishe ni yakan durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri. Ban taɓa yabonsa gaban mutane ba, ban taɓa zaginsa ba, ban taɓa aikensa da bakina ba, sai dai in ce wa wani a gaya masa. Ku da kuka zo daga baya kun hau cinyata, kun sha duka, kun sha lallashi. Shi bai samu ko ɗaya ba. Abin da yake tsakanina da shi kunya ce, kuma kada ku ɗauka kunya rashin so ce.

Saboda haka duk abin da na sani game da aikinsa, satar ji na yi. Da babbar sallar da ta gabaci wannan bazara ya zo hutu, yana zaune da kai Atiku ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, ni ina gefe ina tsintar shinkafa. Ka tambaye shi ko shi ne mai haƙa rijiyar man. Ya yi dariya ya ce a'a, masu haƙa daban, shi sai an gama haƙa aikinsa ke shiga. Rami kawai ba rijiya ba ne, in ji shi, sai an yi mata kayan ciki, kuma shi ne mai tsara kayan cikin. Shi ke faɗin irin bututun da za a zura, da faɗinsa, da irin ƙarfensa. Shi ke zaɓar rariyar da ake sawa can ƙasa don ta tare yashi, da zoben da ke toshe tsakanin bututu da bangon rijiya kada iska ta bi ta gefe. Ya ce rijiyar da suke shiryawa a lokacin ta iskar gas ce, a tsakiyar teku can kudu, kuma ƙasan wurin cike yake da ita har tana neman hanyar fita da kanta. Ya tashi ya ɗauko taɓaryata ya nuna maka kaurinta, ya ce yawancin rijiyoyi bututunsu kamar haka yake. Sannan ya dafa bakin ƙaramin turmina na dakan yaji.

"Tawa kamar wannan za ta zama. Rijiya guda, ta yi aikin da sai an haƙa da yawa kafin a samu."

Ka ce to me ya hana kowa ya yi mai faɗi. Ya ce faɗi da nasa haɗarin. Iskar tana fitowa da gudu da zafi, ƙarfe ya miƙe ya ƙara tsawo, ɗan yashin da ya tsere wa rariya ya riƙa cin bututu kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Kuma in wani abu ya karye a sama, abin da zai fito ta bakin turmi ba ɗaya yake da na taɓarya ba. Don haka ake sa wani marufi can ciki, ƙasa da gindin teku, wanda ke rufe kansa da kansa in sama ta lalace. Ya ce bisa rijiyar akwai ɗakunan ƙarfe da aka kafa a kan ruwa, a nan ma'aikata ke ci, ke salla, ke kwana. Ranar na tsince shinkafar nan har ba sauran abin tsincewa, ina ta juya ta a faifai don kada in tashi. Ban taɓa jin muryarsa da daɗi haka ba.

Sai ga shi cikin bazara ya sauka ba sanarwa, da ƙaramar jaka, ba tsaraba. Ya gaida mu ya shiga ɗakin zaure ya kwanta. Na ga tuwon da na aika masa ya dawo an ɗan taɓa gefe. Ba a daɗe ba aka aiko kiran babanku daga wani ofis a Sama Road. Mai ofishin babban mutum ne ɗan garin nan, shi ya yi wa yayanku hanya tun farko har kamfanin ya ɗauke shi, ba zan faɗi sunansa ba. Babanku ya tafi da babbar riga, ya dawo fuska a murtuke. A bakinsa na ji abin da ya faru. Marufin nan mai rufe kansa, na girman rijiyar yayanku, waɗanda suka ƙera shi sun gwada shi, amma ba da ƙarfin iskar da rijiyar za ta fitar ba, da wanda bai kai ba. A sake gwaji kuwa sai an yi watanni, ga jirgin haƙa na haya yana tsaye a teku yana cin dukiya. Manyansa suka ce gwajin da aka yi ya isa, ya sa hannu a zura kaya. Shi ya ce ko a jira gwaji, ko a rage faɗin bututun a sa marufin da aka sani. Suka ce a kan faɗin nan aka yi alkawari da masu sayen gas, kuma shi da kansa ya kawo shawarar faɗin. Suka ba shi hutu ya je gida ya yi tunani. Alhaji mai ofishin ya ce wa babanku a ja masa kunne, don in ya koma bai sa hannu ba, ba kujerarsa kaɗai zai rasa ba, duk harkar man ba mai sake ɗaukarsa.

Babanku ya yi nasa ƙoƙarin, ba zan zalunce shi ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuna masa da turawa da manyan injiniyoyin da suka girme shi suka ce ba komai. Yayanku ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Baffa Ummaru ya zo shi ma ya yi nasa, ya ce girman kai ne na 'yan boko. Aka kai yayanku wajen wani malami a ba shi shawara, malamin ya saurara ya ce shi bai san ƙarfe ba, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Baffa ya dawo yana cewa malamin ma tsoro ya ji. Hutun na gab da ƙarewa, sai dabara ta faɗo wa Baffa.

Da la'asar aka aiko ke Luba ki kira ni zaure. Na sa mayafi na je na durƙusa daga bakin ƙofar ciki. Babanku na zaune bisa buzu yana jan carbi, Baffa na kusa da shi, yayanku na can gefen bango a ƙasa. Zufa na zuba wa kowa. Baffa ya yi doguwar shimfiɗa, ya lissafo bakunan da ke ci daga hannun yaron, da ginin Dundaye, da karatunku, da mutuncin da gidan mahauta ya samu wanda kakanninmu ba su gani ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Hassi, ke muka jira. Ɗiyan yanzu sun iya tsallake uba, amma ba a haifi wanda ka tsallake nono ba. Ki gaya mishi, in bai sa hannun ga ba, ba ki yahe mishi abin da ya sha ba. Magana guda ta."

Kun san nauyin wannan magana a wurinmu. Uwa ba ta yinta sai ɗa ya kai maƙura, sai ya zama ɓarawo ko mai dukan iyaye, kuma ko ta janye daga baya, ɗan ba ya sake kwana da sakakkiyar zuciya. Baffa ya san abin da yake yi. Ya san ban taɓa umartar yaron nan da komai ba, don haka in na yi sau ɗaya, ba shi da wurin tsayawa. Shekara da shekaru ina ɓoye bakina gare shi don kunya, ashe ajiya nake yi wa wasu, ranar buƙata su zo su ɗauka.

Ina jin kukan awaki a gidan maƙwabta. Sannan na ce wa Baffa, don ba zan iya fuskantar yaron ba, a tambaye shi ko ya tabbata marufin zai ƙi rufuwa. Baffa ya ce ka ji uwarka. Yayanku bai ɗago ba.

"Ban tabbata ba, Inna. Mai yiwuwa ya rufe lafiya. Mai yiwuwa ma har rijiyar ta tsufa ba a buƙace shi ba, yawanci haka ne. Ban ce zai ƙi ba. Na ce ban sani ba. Takardar kuwa cewa take yi na sani."

Baffa ya tafa hannu, ya ce to kun ji, shi kansa bai ce akwai matsala ba, a kan wataƙila zai kashe gida. Babanku ya ajiye carbi ya dube ni. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin roƙo a idonsa ba sai ranar. Ya ce da ni a hankali, ba da faɗa ba, in taimake shi, ƙafafunsa ba za su sake iya tsayuwar mahauta ba. Wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na duba cikin zuciyata in ga ko akwai abin da na sani game da ƙarfe da teku, ban samu komai ba sai bakin turmin dakan yajina. Wanda ya yi karatun, ya ɓata ƙuruciyarsa a kai, ya ce bai sani ba. Ni da ko tekun ban taɓa gani ba, ta ina zan sani? In na yi maganar nan, ba shi ya sa hannu ba, ni na sa, da hannunsa. Kuma waɗanda ke kwana bisa rijiyar nan ba su san da wata Hassi a Ƙofar Rini ba, balle su roƙe ta. Na ce wa Baffa:

"Yaya, ku gahurce ni. Nonon da ya sha, na yahe mishi tun ranar da ya sha shi. Ba ni da abin da zan karɓe."

Baffa ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce wa babanku ashe a gidan ga mata ka mulki, shi ya sa ɗan ya fito haka. Ya ce da ni in shirya cin gaskiya da miyar kuka, tunda ita na zaɓa, ya ga ko tana ƙosarwa. Ya shuri takalmansa ya fita ba sallama. Babanku ya ɗauki carbinsa. Ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba, ya bar ni durƙushe, ga ɗana a gefe, ba mai iya duban wani.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, sai dai ba ku san tushensa ba. Yayanku ya koma kudu ya kwaso kayansa. Ya nemi aiki wurare, ana ganin sunansa a ce za a kira shi. Kai Atiku aka cire ka aka mai da kai makarantar gwamnati a tsakiyar zango, na ga ranar da ka ɓoye tsohuwar rigar makarantarka ƙarƙashin katifa. Ke Luba ba a kai ki inda aka yi miki alkawari ba. Ginin Dundaye ya sha damina bayan damina ba rufi, har aka sayar da shi yadda yake. Masu tsayawa gaida baban Injiniya suka koma wucewa. Matan gidan Baffa suka daina aiko mini da goron biki, in mun haɗu wajen makoki su matsa tabarma. Babanku bai sake ni ba, bai zage ni ba, bai fasa ba ni cefane ba, amma hirar da muke yi bayan isha, wadda ita ce duk abin da na ƙaru da shi a aure, ta mutu daga ranar. Har ya koma ga Allah, maganarmu ba ta wuce kawo ruwa da ɗauke kwano ba.

Ga kuma abin da ya fi mini ɗaci, ba zan ɓoye muku shi ba don in gyara labarina. Wani ya sa hannun. Aka zura bututun mai faɗin turmi yadda yayanku ya tsara shi, da marufin nan, da komai. Rijiyar ta yi aiki. Baffa da kansa ya tako har tsakar gida, shi da ya daina shigowa, don ya gaya mini Alhajin Sama Road ya ce gas na ta fita, wanda ya sa hannun an ƙara masa girma. Ya tambaye ni ko na ji labarin gobara a teku, don shi bai ji ba. Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗe ta, don 'ya'yan mutane ne a kai. Amma da ya fita sai da na nemi wuri na zauna. Har yau da nake rubutun nan ban ji wani abu ya sami rijiyar ba. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ni matar mahauci ce, ban taɓa ganin cikin da wuƙa ta kasa hudawa ba.

Yayanku yanzu kun san rijiyoyin burtsatse yake yi wa ƙauyuka, da tsohuwar mota da yara 'yan aiki. Yana ci, yana ciyarwa, bai roƙi kowa ba. Amma ban sake jin muryar nan ta ƙarƙashin dalbejiya ba. Ba zan ce muku yana da gaskiya a kan ƙarfen ba, don ban sani ba, shi ma bai taɓa cewa ya sani ba. Ba zan kuma ce ba ku yi asara ba. Kun yi, a gabana, ina kallo. Abin da nake so ku daina faɗa shi ne wai shiru na yi don sanyin hali, ko don ban damu da ku ba. An ba ni zaɓi tsakanin karatunku da in karya yayanku da abin da bai da maganinsa, na zaɓa ido buɗe. In za ku yi fushi da ni, ku yi a kan wannan.

Akwai saura kaɗan da ba wanda ya sani, don daga ni sai shi. Washegarin zaman zauren, bayan asuba, ina hura wuta zan dama koko, na ji motsi a bayana. Yayanku ne durƙushe a bakin madafa, kusa fiye da yadda ya taɓa matsowa. Idonsa ya nuna bai runtsa ba.

"Inna, jiya gaban mutane ne. Yanzu ba kowa. Ba sai kin ɗaga mini komai ba. In kin ce in sa hannu, zan sa."

Hayaƙi na shiga mini ido. Ina jin ka Atiku kana wanka a bayi kana rera karatun da za ku yi ranar, ba ka san komai ba. Kalma biyu ce, ba mai ji, ba mai zargina, gida ya koma yadda yake. Na juya gasarar nan, na juya, har ta yi kauri. Na zuba a kofi na tura masa ta ƙasa ba tare da na dube shi ba, na ce ya sha kafin ya huce. Ya jira. Ban ƙara ba. Ya ɗauki kofin da hannu biyu.

A nan babanku ya fito daga turaka, ba farar riga, da tsohuwar taguwarsa mai tabon jini da wanki bai fitar ba. Bai dubi ɗansa ba, bai dube ni ba. Ya tsaya tsakar gida yana magana da bango.

"Ina wuƙaƙena?"

Na shiga ɗaki na jawo su daga ƙarƙashin gado, cikin tsumman da na naɗe su ranar da ya ce ya huta. Tsatsa ta fara kama bakinsu. Na ɗebo toka mai ɗumi daga murhu, na zauna bakin rariya, na shiga goge su ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kaina yana jira.